Daura: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Akan kawo wannan karin magana ne idan al'amari ya sauya kama, ana so a nuna cewa akwai dalili a ƙasa. To amma duk wanda ya zauna a ƙasar Daura, ko da na mako guda ne, ya ci abin da mutanenta ke ci, ya sha abin da suke sha, zai ga maganar tana da wata fassara ta zahiri. A can da gangan ake tsamar da abu. Ana tsamar da nono, ana tsamar da gasara, ana jiƙa tsamiya, ana tsinko yakuwa, kuma kowane tsami an san abincin da ya dace da shi da wanda bai dace ba. Wannan ilimi ne cikakke. Yana hannun mata, ba a rubuce yake ba, kuma sukari da madarar gari suna neman binne shi muna kallo.

Da bazara na bi hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Dambatta da Kazaure ta shiga Daura. Da zarar an wuce duwatsun Kazaure sai ƙasa ta buɗe, ta yi fari, rairayi ya mamaye ko'ina. Gonaki a share suke ana jiran ruwa, babu kore sai na itatuwa: gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani, da kuka, da aduwa, da tsamiya mai duhun inuwa. A ƙarƙashin kusan kowane gawo akwai shanu ko awaki suna tsintar 'ya'yansa. Wanda ya karanci wannan shimfiɗa da kyau ya riga ya san abin da za a ba shi idan ya sauka. Ƙasa mai rairayi da gajeriyar damina gero take so. Idan an girbe geron, kara da harawa na dabbobi ne, su kuma su bar wa gona taki. Manomi na da hatsi, makiyayi na da nono, ga zafin da ba ya barin madara ta wuni lafiya. Daga haɗuwar waɗannan abubuwa uku aka sami fura da nono. Ƙananan hukumomi biyar na masarautar, wato Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango, duk a kan wannan tsari suka rayu.

Baƙon Daura ba ya rasa zuwa rijiyar Kusugu, ni ma na je. Har yanzu ana zura guga ana ɗebo ruwa a ba mai ziyara ya kurɓa. Labarin sananne ne: Bayajida ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, aka ce babu, domin macijiya ta hana ɗiba sai ranar Juma'a, ya kashe ta, ya auri Sarauniya Daurama, aka sami tushen Hausa Bakwai. Abin lura shi ne, labarin farko na wannan gari labarin baƙo ne mai jin ƙishirwa. Bayan haka tarihi ya bi sarauta sau da ƙafa. An rubuta yadda Malam Ishaku ya ci garin a 1805, sarakunan Haɓe suka koma Zango da Baure, da yadda Turawa suka maido da gidan a kan gadon Daura ta hannun Sarki Musa a farkon ƙarni na 20. Girgam ya jera sunayen sarakuna, M. G. Smith ya fitar da littafi guda a kan mulkin Daura a 1978. Amma abin da aka riƙa dama wa baƙo a zaure cikin duk waɗannan ɗaruruwan shekaru, da hikimar da ke cikin damun, an bar su a bakin turmi.

A kasuwa na fara ganin zurfin wannan hikima. Matan Fulani na zaune a jere, kowace da manyan ƙorai rufe da faifai, da ludayi, da ƙwaryar man shanu yana iyo cikin ruwa. Na tsuguna gaban wata dattijuwa na gaishe ta.

"Inna, a ba ni nono."

"Wane iri, ɗan nan? Da me za ka sha shi?"

Wannan tambaya ita ce kan maganar duka. A wurinta babu wani abu wai shi nono kawai. Akwai madara, wadda aka tatso da safe ba ta kwana ba. Akwai kindirmo, wanda aka tafasa madararsa, aka bar ta ta huce, aka ɗiga mata ɗan nonon jiya, aka rufe ta kwana, ya kama ya yi kauri da mansa a ciki, tsaminsa kaɗan. Akwai kuma tsala, wanda aka kaɗe aka cire man, ya fi ruwa, ya fi tsami. Da na ce fura zan dama in sha da rana, sai ta ce in haɗa biyun: kindirmo ya ba da jiki, tsala ya ba da kaifi. Da dambu zan ci, in ji ta, da kindirmo zalla za ta ba ni, domin dambu busasshe ne, maiƙo yake nema. Mai aikin gona kuwa da ke son abin da zai kashe masa ƙishirwa, tsala ne nasa, a tsinka shi da ruwan randa. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta rarraba mini abin sha gwargwadon abinci da lokaci da aikin mai sha.

Ita kanta furar an gina ta ne domin ta sadu da tsami. Ana surfa gero, a wanke, a daka shi da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a cura, a jefa a tafasasshen ruwa, a kwashe a kirɓa a turmi har ta yi danƙo, sannan a mulmula ta cikin gari. Idan ka gutsira ta haka nan za ka ji nauyi da yaji, ta cika baki. Nono kuma shi kaɗai, musamman tsala, yana sa mutum ya runtse ido. Da an haɗa su a ƙwarya aka bi da ludayi, sai tsamin ya sassauta nauyin geron, man nonon ya kwantar da zafin yajin, ƙamshin citta ya taso. Kowane ɗaya ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Da abokin daka akan sha gari.

Da na gane wannan ƙa'ida sai na riƙa ganinta a kowane akushi. Kunun tsamiya da ƙosai ake sha, domin ƙosai ya sha mai, tsamiya ce ke wanke bakin a sake jin daɗin na gaba; shi ya sa da azumi ba a raba su. Koko ma haka, tsamin gasarar da ta kwana shi ke ɗaukar ƙosan. Fate ba ya cika sai da yakuwa, kwaɗon rama kuma tsaminsa ne ke neman ƙuli-ƙuli. Idan yakuwa ta yi yawa a miya, uwargida ta jefa ɗan ƙanƙanin kanwa ta karya ta, domin kanwa kishiyar tsami ce. Akwai masu zuba ruwan tsamiya a tukunyar tuwo don ya yi daɗi ya kuma kwana bai lalace ba. Zoɓo na gaske, wanda ba a kashe shi da sukari ba, citta da kanumfari ne abokansa, kuma ya fi daɗi a bayan nama.

Batun nama ya kai ni Mai'adua ranar Lahadi, ranar da babbar kasuwarta ke ci. Nan ne mutum zai ga cewa iyakar da aka shata a Kongolam ba ta raba cikin mutane ba. Ga shanu farare da jajaye, ga raƙuma, ga fatake daga Matamaye da Damagaram, ga cuku mai faɗi kamar faifai wanda aka shanya ya bushe. A rumfar mai balangu na lura da abin da dillalai ke yi bayan an gama ciniki: su ci nama mai kitse da yaji da ɗanyar albasa, sannan su aika a damo musu fura mai tsami, ba su nemi shayi mai zaƙi ba. Na tambayi wani dattijo da ke kusa da ni dalili.

"Malam, zaƙi a kan kitse ai barci ne," in ji shi. "Mu kuwa da sauran tafiya a gabanmu."

Masana kimiyya sun tabbatar da abin da dattijon ya sani da harshensa. Tsami yana tsinka yawu, yawun ya wanke maiƙon da ya lulluɓe harshe, shi ya sa loma ta goma take yin daɗi kamar ta farko. Sinadarin da ke sa barkono zafi ba ya narkewa a ruwa, amma man nono da furotin ɗinsa suna kama shi su tafi da shi. Shi kuwa tsamin nono aikin wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, waɗanda ke cinye sukarin madara su mai da shi sinadarin laktik. Louis Pasteur ya yi bayanin wannan a Faransa a 1857. Tsamin yana hana yawancin ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci yaɗuwa, ya kuma rage sukarin madara wanda ke ɓata wa manya da yawa ciki. Wato ɗan nonon jiya da Inna ke ɗigawa a madarar yau shi ne firjin kakanninmu.

Tun da an ambaci Faransa, bari in tsaya a kanta, domin babu al'ummar da ta ɗauki wannan tambaya ta "da me za ka sha shi" da muhimmanci kamar Faransawa. Su a kan giyar inabi suka gina nasu ilimin. Giya haramun ce a gare mu, kuma ba ita nake tallatawa ba. Yadda suka yi da abin da ƙasarsu ta ba su shi ne abin dubawa. Suna da wani nau'i na farar giyar inabi da suke kira busasshiya, ma'ana an bar yis ya cinye sukarin inabin kusan duka, har abin da ya rage bai cika wuce giram 4 a lita ba. Abin da ake nema a cikinta tsami ne da ƙamshi. Ta yankin Chablis, a arewacin Bargandi, ana yin ta da inabin Chardonnay da ke tsiro a kan ƙasa mai dutsen alli, cike da ɓawon ƙananan halittun teku na zamanin da. Masanansu na siffanta ta da kaifi irin na lemon tsami da ɗanyen tuffa, kuma da kifi da halittun teku masu ɓawo suke haɗa ta. Ta Sancerre, a bakin kogin Luwar, da inabin Sauvignon ake yin ta, abokin tafiyarta kuma cukun akuya ne na ƙauyen Chavignol da ke nan maƙwabtaka. Dalilin da suke bayarwa shi ne wanda mai balangun Mai'adua zai gane nan take: tsami yana yanka maiƙo, yana ɗaukar gishiri, kuma abin da ya tsiro a ƙasa ɗaya ya fi dacewa da juna. Wani abin sha'awa ma, babban sinadarin da ke ba inabi tsaminsa, wato tatarik, shi ne dai wanda ke cikin tsamiyarmu.

Bambancinmu da su a rubutu ne da doka. Tun a 1925 Faransa ta kafa dokar kare sunan cukun Roquefort. A 1935 ta kafa tsarin da ke ƙayyade yankin da za a noma abu, da irin da za a shuka, da yadda za a sarrafa shi, kafin a yarda ya ɗauki sunan garinsa. Sancerre ta shiga tsarin a 1936, Chablis a 1938, cukun Chavignol a 1976. Sakamakon haka, ƙaramin manomi a ƙauye yana sayar da sunan ƙauyensa tare da amfanin gonarsa, kuma babu wanda ya isa ya kwaikwayi kayan ya laƙaba musu sunan. A 2010 hukumar UNESCO ta sa tsarin cin abincin Faransawa cikin gadon al'adun duniya, kuma dacewar abinci da abin sha na cikin abin da aka yaba. Kada a ce wannan sai Turai. Ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde ta yi wa masoron Penja na Kamaru irin wannan rajista a 2013, maƙwabtanmu na Nijar kuma sun bi sahu da kilishinsu da albasar Galmi. Daga Daura zuwa ƙasar da aka yi wannan, tafiyar 'yan mintoci ce a mota.

Mu kuwa me muke yi da namu? A wani shagon fura na zamani a cikin gari, mai firji da injin markaɗe, na sayi kofi guda. Sanyi ya yi, tsabta ta yi, amma abin da ke cikin kofin madarar gari ce da aka kwaɓa aka tsamar, aka tula mata sukari har furar ta ɓace. Babu ƙamshin gero, babu kaifin tsala, babu wanda ya tambaye ni da me zan sha. Irin wannan kofi ɗaya ne a Daura da Kaduna da Legas, domin garin madarar daga ƙasashen waje aka shigo da shi, bai san gawo ba, bai san harawa ba. Yaron da ya tashi a kansa, ran da aka miƙa masa nonon ruga zai ce ya lalace. Ranar da harshen yara ya daina gane tsami, ranar ce kasuwar Inna ta mutu, kuma kuɗin nono shi ne abin da matar makiyayi ke riƙe gida da shi.

Asarar ba ta tsaya a aljihu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba jiki ƙarfi a yini, wato kimanin giram 50 ga babban mutum. Lemon kwalba irin na kola yana ɗauke da fiye da giram 100 a lita, ke nan robar rabin lita ta cinye kason yini guda. Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021, amma haraji ba ya gyara harshe. Mutanen da suka gaji abin sha mai ƙosarwa, marar sukari, su ne yanzu ke layi a asibiti ana auna musu sukarin jini. Ga kuma itatuwan kansu. Tsamiya tana shekaru kafin ta fara 'ya'ya, gatarin mai gawayi kuwa yini guda ya ishe shi. A gefen hanyar Zango na ga kututture fiye da ɗaya inda inuwa take a da.

Adalci ne a faɗi abin da ya sa mutane ke gudun ƙwarya. Masu shagon firji sun zo da abin da aka daɗe ana nema, wato tsabta da sanyi, sun kuma samar wa matasa aikin yi. Nonon kasuwa kuwa wani lokaci akan tsinka shi da ruwan da ba a san asalinsa ba, ƙuda na bin ludayi, kuma madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko cuta daga saniya zuwa mutum, har da tarin fuka. Tsami ba ya kashe kowace ƙwayar cuta. Saboda haka ba kira nake a koma jiya ba. Idan kana da kyau ka ƙara da wanka. Abin da ake bukata shi ne firjin ya yi wa nonon ruga hidima, maimakon ya kore shi.

Hanyar ba ta da nisa. Ɗaliban manyan makarantun da ke Daura, irin su Kwalejin Yusuf Bala Usman da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, suna iya ɗaukar wannan a matsayin aikin bincike: su zauna da tsofaffin mata a Baure da Sandamu da Zango, su rubuta sunayen nono da na gero da na kunu, da abin da ake ci da kowanne, da yadda ɗanɗanon nonon damina ya bambanta da na rani. Masu kiwo da masu shaguna suna iya haɗa ƙungiya su amince da ƙa'ida mai sauƙi: abin da za a kira kindirmon Daura ya zama na shanun ƙasar ne, an tafasa shi, ba a gauraya shi da gari ba, sukari kuma a ajiye shi gefe, mai so ya zuba da hannunsa. Masarauta, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar, tana da bakin da za ta hana saran tsamiya ta kuma sa a dasa sababbi, tana kuma da Sallar Gani, lokacin da gari ke cika da baƙi. Fili guda na masu fura da nono a gefen hawan zai nuna wa baƙin cewa gadon Daura bai ƙare a kan doki ba. Layin dogon da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura zai bi. Fasinjan da zai leƙo ta taga zai sayi wani abu ko ana so ko ba a so. Saura a yanke shawara ko lemon roba za a miƙa masa ko abin da ba zai samu a wata tasha ba.

Faransawa ba su fi mu harshe ba. Abin da suka yi shi ne sun ɗauki maganar manominsu da muhimmanci, suka rubuta ta, suka kare ta, har duniya ta zo tana biya. Matan ƙasar Daura sun riga sun yi aikin da ya fi wuya, domin sun gano abin da ya dace da rairayinsu da zafinsu da cikin 'ya'yansu, suka riƙe shi daga uwa zuwa 'ya ba tare da alƙalami ba. Abin da ya rage namu ne, mu da muka yi boko: mu rubuta, mu saya, mu kuma koya wa yaranmu cewa ba duk abin da ya yi tsami ne ya lalace ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ƙara wa shanu nono.